Naman haɗi da ajiyar guba a jikin mutum

1. Abin da ake gani ranar Layya

Ranar Sallar Layya, idan an yanka rago, yara sukan kewaye mai fiɗa suna kallo. Da farko yakan raba fata da nama. Tsakanin fata da tsoka akwai wani farin tantani mai laushi, mai kama da saƙar gizo. In an ja shi, sai ya miƙe. Idan an buɗe ciki, za a ga kitse ya lulluɓe hanji kamar mayafi, ƙoda biyu kuma suna kwance cikin nasu kitsen. A ƙafafu akwai agara, fara mai tauri, wadda wuƙa ke shan wuya kafin ta yanke ta. A bakin gaɓoɓi akwai guringuntsi mai santsi. Daga ƙarshe sai ƙashi, da ɓargo a cikinsa.

Tantani, kitse, agara, guringuntsi da ƙashi ba su yi kama da juna ba. Amma masana ilimin jiki sun gano dangi ɗaya ne. Ana kiran wannan dangi naman haɗi, domin shi ke haɗa sassan jiki, ya riƙe kowane a wurinsa. Jini ma ana lissafa shi cikin dangin, ko da yake ruwa ne. Yadda abin yake a jikin rago, haka yake a jikin mutum.

Naman haɗi yana da wani aiki kuma wanda ido ba ya gani: shi ne rumbun jiki. Yana ajiye abin amfani, yana kuma ajiye abin cuta.

2. Da me aka yi naman haɗi?

Jikin mutum an gina shi da ƴan ƙananan abubuwa masu rai da ake kira ƙwayoyin halitta. Ba a ganinsu sai da madubi mai ƙara girman abu. A tsoka, ƙwayoyin nan suna manne da juna. A naman haɗi kuwa, galibi suna warwatse, da fili tsakaninsu. Filin nan cike yake da zare da kuma wani abu da zaren ke kwance a ciki.

Magini ya san irin wannan aiki. In zai yi tubali, yakan kwaɓa laka da ramno. Laka kaɗai takan tsage, ramno kaɗai ba ya tsayuwa. In an haɗa su, sai gini ya yi ƙarfi. To, zaren naman haɗi shi ne ramnon jiki. Sunansa kolajen. Idan aka dafa ƙafar saniya har ta yi laushi, aka bar romon ya huce, sai ya daskare ya yi danƙo. Wannan danƙo kolajen ne da ya narke. Fatar da majema ke jemewa, dukawa su ɗinka takalmi da ita, ita ma kolajen ce.

Abin da zaren ke kwance a ciki shi ke bambanta ƴan dangin. A tantani, ruwa ne mai kauri. A agara, zaren ya yi yawa ya jeru kamar igiya. A ƙashi, wani gishiri ne mai tauri kamar dutse, wanda aka yi da sinadarin kalsiyom. Babban mutum yana da ƙashi 206, kuma kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jikinsa yana cikin ƙashi da haƙora. A kitse kuwa, ƙwayoyin halittar ne da kansu suka kumbura da mai, kowace kamar ƴar gora.

3. Hanyar da kome ke bi

Jini yana gudu cikin hanyoyinsa, ba ya taɓa ƙwayoyin halitta kai tsaye. Daga cikin ƙananan hanyoyin jini, ruwa yakan tsattsafo zuwa tantanin da ke kewaye da su. Cikin ruwan nan akwai abinci da iskar numfashi. Ƙwayoyin halitta su ɗauki abin da suke so, su zubar da dattinsu a nan. A jikin babban mutum, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halitta ya kai litar 10.

Ruwan nan ba ya kwanciya wuri ɗaya kamar na tabki. Wani yana komawa cikin jini nan take. Sauran yana shiga wasu sirarran hanyoyi dabam, ya ratsa ta kaluluwa, sa'an nan ya koma cikin jini kusa da wuya. Kaluluwa ƴan ƙullutai ne da ke wuya, da hammata, da matsematsi, da cikin ciki. Aikinsu tace ruwa da kama ƙwayoyin cuta. Shi ya sa in yaro ya yi miki a ƙafa, kaluluwar matsematsinsa takan kumbura: masu gadi ne ke yaƙi.

Cikin tantani ma akwai irin waɗannan masu gadi. Suna haɗiye ƙwayoyin cuta, su narkar da su. Amma akwai abin da suke haɗiyewa su kasa narkarwa. Misali, idan wanzami ya yi wa mutum tsaga aka shafa baƙin tukunya a wurin, zanen yakan zauna har tsufa. Dalili shi ne baƙin ya shiga naman haɗi na ƙarƙashin fata, masu gadi sun haɗiye shi, ba su iya narkar da shi ba, sai suka riƙe shi a wurin. Wannan ita ce ajiya ta farko da kowa ke iya gani da idonsa.

4. Masu fitar da datti

Jiki yana yin datti kullum, ko mutum bai ci guba ba. Gaɓoɓi huɗu ne ke fitar da shi.

Hanta ita ce babba. Nauyinta a jikin babban mutum kimanin kilo ɗaya da rabi ne. Jinin da ya ɗauko abinci daga hanji, sai ya bi ta hanta tukuna kafin ya zagaya jiki. Hanta tana sauya guba ta mai da ita abin da ruwa ke iya ɗauka. Aikinta ya yi kama da na sabulu. Mai ba ya bin ruwa, amma in an sa sabulu a kwanon da ya yi maiƙo, sai ruwa ya tafi da man. Abin da hanta ta sauya, wani ta zuba shi cikin ruwan matsarmama ya bi hanji, wani ta mai da shi cikin jini ya tafi ƙoda.

Ƙoda biyu su ne rariyar jiki. Jinin babban mutum kimanin litar 5 ne, amma yana ta zagayawa ta cikinsu dare da rana. A yini ɗaya da kwana ɗaya, ƙoda suna tace ruwa kimanin litar 180. Kusan duka suna mai da shi cikin jini. Abin da ke fita fitsari bai wuce litar ɗaya da rabi ba, kuma shi ke ɗauke da dattin.

Huhu yana fitar da gurɓatacciyar iska da kowane numfashi. Hanji yana fitar da abin da jiki bai karɓa ba, tare da abin da hanta ta zubo masa.

Gubar da ke narkewa a ruwa ba ta daɗewa a jiki. Cikin ƴan awowi ko ƴan kwanaki, ƙoda sun fitar da ita. Wannan ba ya nufin ba ta da haɗari, domin wata takan kashe mutum kafin ta fita. Amma akwai guba iri biyu da ke zama shekara da shekaru: wadda ke son mai, da wadda ke kama da kayan ginin ƙashi. Ta farko tana kwana a kitse, ta biyu tana kwana a ƙashi.

5. Gubar da ke ɓuya a kitse

Akwai gwaji mai sauƙi. A zuba ruwa rabin kwalba, a ƙara man gyaɗa kaɗan, a zuba garin jan tattasai, a girgiza, a ajiye. Bayan ɗan lokaci man zai taso sama, kuma shi ne zai fi yin ja. Launin tattasai yana son mai, ya bar ruwa ya bi shi. Gishiri kuwa yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a mai.

Wasu magungunan ƙwari halinsu irin na launin tattasai ne. Wanda ya fi suna shi ne DDT. A shekarar 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwis, Paul Müller, ya gano yana kashe ƙwari. Aka yi ta fesa shi a duniya domin kashe sauro da ƙwarkwata da ƙwarin gona, ya kuma ceci mutane da yawa daga zazzaɓin sauro. Wani ɗan'uwansa, mai suna diyeldirin, an daɗe ana fesa shi a ƙasashen Sahel domin yaƙi da fara.

Daga baya aka gane waɗannan magunguna ba sa ruɓewa da wuri. Suna zama a ƙasa, su shiga ruwa, su hau ciyawa. Saniya ta ci ciyawa, maganin ya taru a kitsenta da man nononta. Ƙaramin kifi ya ci, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ko tsuntsu ya ci babba. A kowane mataki gubar tana ƙara yawa. Tsuntsaye masu cin kifi suka riƙa yin ƙwai mai ɓawo marar ƙwari, yana fashewa kafin a ƙyanƙyashe. Amurka ta hana fesa DDT a gonaki a 1972. A 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Istokholm ta hana irin waɗannan magunguna. An bar DDT kawai domin yaƙi da sauro cikin ɗakuna, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya.

In irin wannan guba ta shiga jikin mutum, hanta tana ƙoƙarin sauya ta, amma aikin yana tafiya a hankali ƙwarai. Kafin nan jini ya kai ta kitse, kitse ya shanye ta. Sai an yi shekaru kafin rabinta ya fita.

Ajiyar nan tana da amfani ta wani gefe. Gubar da ke kwance a kitse ba ta isa ƙwaƙwalwa da yawa a lokaci ɗaya. Amma rumbun ba shi da kuble. Kullum ƴar kaɗan tana komawa cikin jini. Idan mutum ya rame da sauri, saboda ciwo ko yunwa, kitse yana narkewa, gubar da ke ciki ta fito da yawa. Mace mai shayarwa kuma, wani abu daga cikin ajiyarta yana bin man nononta. Duk da haka likitoci sun tabbatar nonon uwa shi ne abinci mafi kyau ga jariri, ba a hana shi. Abin da ya kamata shi ne a kiyaye uwa daga guba tun tana yarinya.

6. Gubar da ke ɓuya a ƙashi: dalma

Ƙashi yana da rai. Kullum akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, da wasu masu gina sabo, kamar yadda ake yaɓen gida bayan damina. A jikin babban mutum, kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙashi ake sabuntawa kowace shekara. A jikin yaro aikin ya fi haka sauri, domin yana girma.

Masu ginin nan kalsiyom suke nema cikin jini. Amma dalma, watau ƙarfen nan mai nauyi da laushi da ke cikin batirin mota, ta yi kama da kalsiyom a wurinsu. In sun same ta, sai su sa ta cikin gini. Dalmar da ke cikin jini, rabinta yana raguwa cikin kamar wata ɗaya. Wadda ta shiga ƙashi kuwa tana iya yin shekara 10, ko 20, ko fiye. A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ya tara tana cikin ƙashi da haƙora.

Dalma ba ta da wani amfani a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadi nata da za a ce ba ya cutarwa. Tana ɓata ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimtar karatu, ta sa ƙarancin jini da ciwon ciki. In ta yi yawa, takan sa jijjiga da suma, har mutuwa. Yaro ya fi babba shiga haɗari, domin yana wasa a ƙasa, yana kai hannu baki, kuma hanjinsa yana shanye dalma ninki 4 ko 5 fiye da na babba.

A shekarar 2010 wannan masifa ta auku a jihar Zamfara ta Najeriya, kudu da iyakar Nijar. Mutanen wasu ƙauyuka suna haƙo dutse mai zinariya, su kawo shi gida, su daka, su niƙa. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurarsa ta bazu a tsakar gida, inda ake shanyar hatsi, inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu, dubbai kuma suka kamu. Da aka gano dalili, sai aka yi aiki biyu. Aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe ta, aka zuba sabuwa. Sa'an nan aka ba yara wani magani mai kama dalma cikin jini, ya kai ta ƙoda ta fita da fitsari. Sai da aka share gida tukuna aka ba da magani, domin wanda ke tsaye cikin ruwa ba a shanya masa riga.

Maganin nan yana ceton rai, amma ba ya kwashe dalmar ƙashi duka, kuma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace. Yarinyar da ta tara dalma tana ƙarama, in ta girma ta yi ciki, jikinta zai ɗebo kalsiyom daga ƙashinta domin ya gina na ɗanta. Tare da kalsiyom ɗin, tsohuwar dalma tana fitowa ta isa ga ɗan tayi. Hausawa suna cewa ajiya maganin wata rana. Wannan ajiya kuwa cutar wata rana ce.

Ba a wurin haƙar zinariya kaɗai ake samun dalma ba. Tana nan inda ake fasa tsohon batiri ana narka shi, da cikin wasu tsofaffin fenti, da cikin wani kwallin da ake yi da dutsen dalma, wanda ake sa wa jarirai a ido. A da ana zuba ta cikin man mota ma. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina a 2006, duniya duka kuma ta daina a 2021.

7. Abin da ya faru a Tibiri

Ba kullum guba ke fitowa daga hannun mutum ba. Wata tana cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Akwai wani sinadari da ake kira fuliyor. Ɗan kaɗan nasa yana ƙarfafa haƙora, shi ya sa ake sa shi cikin man goge baki. In ya yi yawa, sai ya zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligaram ɗaya da rabi cikin litar ɗaya ta ruwan sha.

A garin Tibiri na Gobir, kusa da Maraɗi, an soma shan ruwan wata rijiya mai zurfi, irin wadda ake kira foraj, a shekarar 1985. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Amma fuliyor ɗin da ke cikinsa ya ninka iyakar da aka sa fiye da sau 3. Aka yi shekara kamar 15 ana shansa. Manya ba su ga wani abu da wuri ba, domin ƙashinsu ya riga ya ginu. Yaran da aka haifa a lokacin su ne suka sha wuya. Haƙoransu suka yi dabbare-dabbare, suka yi ja. Ɗaruruwa daga cikinsu ƙafafunsu suka lanƙwashe, gaɓoɓinsu suna ciwo, wasu suka kasa tafiya sosai. Da aka auna ruwan aka gane dalili, sai aka sauya wa garin ruwan sha.

Fuliyor ma ƙashi yake nufa. Kusan duk wanda jiki ya riƙe yana cikin ƙashi da haƙora. Idan an daina shan mugun ruwa, yana fita kaɗan-kaɗan cikin shekaru, yayin da ƙashi ke sabunta kansa. Tabon haƙori kuwa ba ya gogewa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da fuliyor. Tace ruwa da ƙyalle ma ba ya fitar da shi. Saboda haka duk sabon foraj ya kamata masana su auna ruwansa kafin a soma sha, su kuma riƙa sake aunawa.

8. Ana iya wanke jiki?

A kasuwa da tasha akan ji masu talla suna cewa maganinsu yana wanke dattin jiki duka. Wasu kuma suna cewa tausa, ko zufa, ko ƙaho, suna fitar da gubar da ta kwanta a nama. Ya kamata a duba kowane da hankali.

Tausa tana sa gajiya ta sauka, tana kuma taimaka wa ruwan tantani ya motsa. Amma hannu ba ya iya matso dalma daga ƙashi, ko maganin ƙwari daga kitse.

Zufa ruwa ce da gishiri. Aikinta sanyaya jiki. Dattin da ke bin ta kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na fitsari. Wanda ya yi zufa da yawa bai sha ruwa ba, ƙodarsa ya wahalar.

Jinin da ƙaho ke jawowa yakan yi baƙi-baƙi, shi ya sa ake ce masa mataccen jini. Amma jini ne irin na sauran jiki, ya yi duhu ne domin ya daskare kuma iskar cikinsa ta ragu. In an yi wa mutane da yawa aiki da aska ɗaya ba a tafasa ta ba, tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wani ta kai wa wani.

Maganin wankin ciki hanji kawai yake zubarwa. Ba ya isa kitse, ba ya isa ƙashi. Ga ƙaramin yaro haɗari ne, domin zawo yana ƙarar masa da ruwan jiki. Maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa, yana iya ɓata hanta da ƙoda, watau masu wankin na gaskiya.

Naman haɗi yana ajiyewa ne, ba ya wankewa. Wanki aikin hanta ne da ƙoda, kuma suna yinsa ba tare da an biya su ba. In guba ta fi ƙarfinsu, lokotoro ne kaɗai ke iya auna jini ya san irinta, ya ba da maganin da ya dace da ita.

9. Rigakafi ya fi magani

Tun da gubar da ta shiga rumbun jiki tana da wuyar fita, dabara ita ce a tare ta a ƙofa.

Ba a zuba ruwa, ko mai, ko nono cikin bido ko gwangwanin da aka taɓa sa maganin ƙwari, ko an wanke shi. Ba a ajiye maganin ƙwari a ɗakin kwana ko kusa da abinci. Mai fesa magani ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Yara ba sa shiga gonar da aka fesa. Farar da aka tsinto inda aka yi feshi, ba a ci, ba a sayarwa.

Ba a daka dutsen ma'adini a gida. Ba a wasa da tsohon batiri. Ba a sa wa jariri kwallin da ba a san asalinsa ba. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Abinci ma garkuwa ne. Yaron da ke samun kalsiyom da sinadarin ƙarfe isasshe, hanjinsa ba ya shanye dalma da yawa kamar na yaro mai yunwa. Ana samun su cikin nono, da wake, da nama, da kifi, da miyar kuka, da zogale. Lemu, gwaba, tumatir da garin ƴaƴan kuka suna ba da bitamin C, wanda sai da shi jiki ke iya saƙa kolajen, miki ya warke.

A kiyaye hanta da ƙoda. A sha ruwa mai tsabta isasshe, musamman da bazara. A zubar da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubar fumfuna tana ɓata hanta. A kai jarirai allurar rigakafin ciwon hanta.

Idan wani ya sha maganin ƙwari, ba a ɗura masa nono ko mai, domin mai yana taimaka wa irin wannan guba ta shiga jiki. Ba a kuma tilasta masa amai. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatarsa, a kai shi likita nan da nan, tare da kwalbar ko takardar maganin, domin ma'aikatan lafiya su san abin da ya sha.

Abin da za a riƙe

Naman haɗi shi ne tantani, kitse, agara, guringuntsi, ƙashi da jini. Yana riƙe jiki, yana kuma ajiya. Gubar da ke son mai tana taruwa a kitse. Dalma da fuliyor suna taruwa a ƙashi. Ajiyar tana iya yin shekaru, kuma tana komawa cikin jini a hankali. Hanta da ƙoda ne ke fitar da guba. Yara sun fi manya cutuwa, domin jikinsu yana kan gini.

Tambayoyi

1. Waɗanne sassan jiki ne ke cikin dangin naman haɗi?
2. Me ya sa zanen da aka shafa wa baƙin tukunya ba ya gogewa?
3. Ta yaya aikin hanta ya yi kama da na sabulu?
4. Litar nawa ƙoda ke tacewa a rana? Litar nawa ke fita fitsari? Ina sauran ke tafiya?
5. Me ya sa aka kwashe ƙasar gidaje a Zamfara kafin a ba yara magani?
6. Me ya sa yaran Tibiri suka fi manya cutuwa?
7. Me ya kamata a yi wa wanda ya sha maganin ƙwari? Me bai kamata a yi masa ba?

Aiki

A samo ƙashin ƙafar kaza guda biyu, a wanke su. A jiƙa ɗaya cikin binegar har kwana 7, ana sauya binegar ɗin bayan kwana 3. A sa ɗayan cikin garwashi, malami yana kusa, har ya yi fari. Na farko zai yi laushi, ya lanƙwashe ba tare da ya karye ba, domin gishirinsa ya narke, zare ya rage. Na biyu zai marmashe a hannu, domin zarensa ya ƙone, gishiri ya rage. Kowane ɗalibi ya zana ƙasusuwan biyu cikin littafinsa, ya rubuta wanne ne ya rasa laka, wanne ne ya rasa ramno.